Abin Dubawa Kafin Sayen Sitiyarin Haidurolik Na Jirgin Ruwa

Duk wanda ya tuƙa jirgi mai inji a madatsar Goronyo ko a Gulbin Rima lokacin da ruwa ya kawo ya san fargabar sitiyarin da za ka murza rabin zagaye kafin inji ya amsa. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, iska ce ta shiga layin man da sitiyarin haidurolik ke aiki da shi, kuma makanike zai fitar da ita ta bakin silindar da ke juya inji ya cika man da kamfanin sitiyarin ya tanada, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Kada a yarda a zuba man birki, domin yana cinye robobin ciki.

Idan an fitar da iska amma hannu bai gamsu ba, sai a koma ga famfon da ke bayan sitiyari, domin nan zaɓin yake. Samfurin sitiyarin SeaStar yana da famfo mai lamba 1.7, wanda da silindar da aka saba haɗa shi da ita yake ɗaukar kusan zagaye 5 daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana kuma da 2.0 da 2.4 masu tura mai da yawa a kowane zagaye. Babban famfo yana saurin juya inji amma yana gajiyar da kafaɗa, ƙaramin kuwa yana da sauƙi a hannu sai dai yawan murzawa. Ga mai ɗaukar fasinja da buhunan albasa, ni dai 1.7 nake zaɓa, domin jirgi mai lodi ba ya son juyin gaggawa. Faɗaɗa sitiyarin kansa ma yana rage nauyin, kuma ya fi sauya famfo araha.

BayStar, wani ƙaramin samfurin sitiyarin haidurolik, ya fi sauƙin kuɗi, amma iyakarsa inji mai ƙarfin doki 150. Wanda injinsa bai wuce 40 ba, sitiyarin da ake ja da wayar ƙarfe, ba da mai ba, ya wadace shi. Na'urar taimakon juya sitiyari mai aiki da batir tana sa tuƙi ya yi daɗi ƙwarai, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin yawancin jiragenmu.

A wajen saye, a nemi tiyo na asali mai daidai tsawo, domin zafin Sakkwato a watan Afrilu yana tsattsaga na jabu, a kuma tambayi mai shago ko yana da robobin silinda na canji, tunda ƙurar hunturu da ke manne wa sandar silinda ita ce ke fara cinye su.