Randa ko Firij?

Mutane sun dame ni da tambayar nan tunda zafi ya shigo, wai wanne ya fi. To randa dai kuɗinta kaɗan ne, ba ruwanta da NEPA, ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin yumɓun iska ta busar da shi sai na ciki ya yi sanyi, shi ya sa ta fi aiki da bazara, da damina kam sai a hankali. Amma fa tana fashewa, kuma in kowa na tsoma moɗa ba murfi cuta ba wuya.

Firij zai ba ka ƙanƙara ya adana nama da miya, sai dai tsada ga kuɗin wuta ga gyara in gas ya zube.

Mai sola ko mai sayar da zoɓo, firij. Wanda unguwarsu sai a kwana uku ba wuta kuma ruwan sha kawai yake so, randa ta ishe shi.