Batir ko Taransfoma: Wanne Ya Fi wa Amfilifayar Hedifon?

Masu haɗa amfilifayar hedifon a Jos sun yi ta tambayata: batirin 9V biyu ko taransfoma za a sa don ba ta wuta?

Batir ya fi sauƙi. A jona biyun a jere, tsakiyarsu ta zama ƙasa (wato 0V), an samu +9V da −9V. Babu gunjin wuta ko kaɗan. OPA2134, wato guntun IC ɗin da ke ƙara ƙarfin sauti, na shan kusan 8mA, don haka batirin alkalain zai yi awa 50 ko kusa da haka. Amma na arahar nan da ake zubawa a faifai a Taminus ba ya kai rabin haka, kuma idan ɗaya ya riga ɗaya mutuwa, sauti ya fara karcewa.

Taransfoma aiki ne. Ana buƙatar mai 15-0-15, diyod 1N4007 huɗu, kafasito 2200µF mai 35V biyu, sai 7812 da 7912, masu daidaita wuta zuwa +12V da −12V. A kula, jerin ƙafafun 7912 ya bambanta da na 7812. Wanda ya jona su iri ɗaya zai iya ƙona 7912 ɗin. Idan taransfoma ta kusanci wayar shigar sauti, za a ji gunjin 50Hz, sai a nisanta ta a haɗa duk wayoyin ƙasa wuri guda. Ga kuma 230V a cikin akwati, fiyus dole ne. Kuɗin farko ya fi yawa, amma an huta da sayen batir.

Ɗan koyo da mai yawo da kayansa su ɗauki batir. Mai hedifon na 250Ω (irin mai buƙatar wuta mai ƙarfi) da ke sauraro a teburi, ya kuma saba aiki da wutar gida, taransfoma ce tasa.