Daga Brussels: gidan da ya fara da keken doki ya koma dillancin mota

Duk wanda ya taɓa cinikin mota 'yar Beljiyam a Kano ko Maraɗi ya san sunan ƙasar nan, sai dai abin da ke iso mana ta Kwatano shi ne wanda suka gama morewa. A nan Beljiyam, wata tsohuwar Volkswagen da na saya na kai garejin dila, kafin in buɗe baki ma'aikacin ya fito mini da tarihinta a kwamfuta: ranar da aka juye mata baƙin mai, lokacin da aka sauya birki, da nisan tafiyarta a kowane zuwa. Ya rubuta mini kuɗin aiki tun bai ɗaga bonet ba, kuma abin da ya rubuta shi na biya.

Kamfanin da ke shigo da motocin Volkswagen Beljiyam sunansa D'Ieteren, kuma ya girmi ƙasar kanta, wadda ta sami 'yanci a 1830. A 1805, shekara guda bayan hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, Jean-Joseph D'Ieteren ya buɗe shagon ƙera ƙafafun amalanke da keken doki a Brussels. Da mota ta fito, zuriyarsa ba su tsaya zagin ta ba. Daga 1897 suka shiga ƙera mata bodi, domin a wancan zamani attajiri yakan sayi inji da shasi ne kawai, sannan ya kai wa masu sana'a su ɗora masa gangar jikin da yake so, kamar yadda kafintocinmu ke yi wa manyan motoci bodin katako. Da masana'antu suka fara fitar da mota cikakkiya da araha, aikin hannu ya daina ci, sai gidan ya karɓi wakilcin Studebaker ta Amurka a 1931, ya ƙulla yarjejeniya da Volkswagen a 1948, har ya riƙa harhaɗa motar Bitil a unguwar Forest ta Brussels daga 1954. Har yau zuriyar mutumin ce ke riƙe da ragamar kamfanin.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. A gida, ban da 'yan gidaje ƙalilan irin na Ɗantata, da zarar an yi sadakar arba'in ta mai gareji sai a raba gado, wannan ya ɗauki fili, wancan ya kwashe kayan aiki, yaran shago su watse, sunan da uban ya yi shekaru yana ginawa ya bi shi kabari. Babu littafin da aka rubuta abokan ciniki, balle tarihin motocinsu, shi ya sa mai sayarwa ke mayar da mita baya ya rantse da Allah, mai saye kuma ya san ƙarya ce ya yi shiru.

Duk da haka ba na ɓoye cewa tsarin garejin Beljiyam yana ci mini rai. Babu zuwa kai tsaye sai an ba ka rana, ko da motar ta mutu a ƙofar gidanka. Da awa ake lissafin ladan bakanike, ba a taya wa, ba a neman ragi, kuma ba sa gyara abin da ya lalace sai dai su cire su sa sabo. Nakan tuna bakaniken unguwarmu da ke kasa kunne ya saurari ƙarar inji ya faɗi cutar, ya aika yaro Ƙofar Ruwa ya samo kayan, ya ce in kawo kuɗin idan albashi ya shigo.