Sabunta tsohuwar kwamfutar wasa: kayan da za a fara saye da waɗanda za su iya jira

Kwamfutar da aka haɗa domin wasanni tsakanin 2016 da 2019, wadda a lokacinta take tafiyar da GTA V da FIFA ba tare da gardama ba, a yau ta fara nuna gajiya. Wasa yana daɗewa kafin ya buɗe, hoto yana tsaitsayawa ana tsakiyar gumurzu, fankoki kuma ba sa daina ruri. Yawancin mutane katin hoto, wato ɓangaren da yake zana hoton wasa a allo, suke fara tunanin canzawa, domin shi aka fi yi wa talla kuma shi ya fi tsada. Sau da yawa hakan daidai ne, amma wanda ya zuba kuɗinsa a kan kati alhali ciwon yana wani wuri zai dawo gida ya tarar da wasan yadda ya bar shi, ga aljihu babu komai.

Saboda haka kafin a doshi kasuwa, sai a fara gano ɓangaren da yake riƙe sauran. Manhajar MSI Afterburner kyauta ce, kuma tana nuna a kusurwar allo, yayin da ake wasa, yawan aikin da katin hoto da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, suke yi da kuma zafin kowannensu. Idan katin yana aiki kusan kashi 100 cikin ɗari alhali furosesa tana da sauran ƙarfi, to katin ne ya gaza. Idan kuwa katin yana zaune a wajen kashi 60, furosesa ce ta kasa ba shi aiki da sauri. Akwai gwaji mafi sauƙi: a rage girman hoton wasan daga 1080p zuwa 720p, idan adadin hotuna a daƙiƙa bai ƙaru sosai ba, sabon kati ba zai yi maganin komai ba. A kuma dubi zafin da kyau. Furosesar da ta haura digiri 90 tana gab da rage gudunta da kanta don kada ta lalace, kuma a ɗakin da ƙurar hunturu ta shekara tana shiga akwatin, sannan zafin bazara ya biyo baya, ba abin mamaki ba ne a buɗe kwamfuta a tarar ƙura ta yi dam a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, man da ke tsakaninsa da furosesa kuma ya bushe ya farfashe. Hure ƙurar da shafa sabon mai ba sa cin kuɗin kirki, kuma wani lokaci su kaɗai suke dawo da abin da ake neman saye da dubban nairori.

Idan har yanzu Windows tana zaune a kan tsohon faifai mai juyawa, wato HDD, babu wata doguwar shawara: SSD, wato faifan ajiya na zamani marar juyawa, shi ne sayayya ta farko. Tsohon faifai ba ya wuce megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai wajen 550, na NVMe kuwa da ake sokawa a ramin M.2 yana kai 3,500 a kan PCIe 3.0, wato zubi na uku na hanyar da SSD da katin hoto suke bi zuwa furosesa. Sai dai kada wannan tazara ta ruɗi mai saye. A wajen loda wasa, bambancin da ke tsakanin HDD da kowane SSD babba ne ƙwarai, amma tsakanin SATA da NVMe bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, don haka wanda madabod ɗinsa, wato babban faranti da ake jona duk kayan ciki a kansa, ba shi da ramin M.2 bai yi asarar komai ba. Abin lura shi ne girma. Manyan wasannin yanzu suna cin sama da gigabait 100 kowanne, wasu kuma irin su Starfield na 2023 sun sa SSD cikin sharuɗɗansu, shi ya sa terabait ɗaya ya fi 512 GB hankali.

RAM kuma, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, maganarta gajeriya ce. Gigabait 8 ta yi kaɗan, 16 ta wadatar da yawancin wasanni, 32 ta mai yaɗa wasansa kai tsaye ce ko mai tace bidiyo. Sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin furosesa tana karanta su ta hanya biyu a lokaci guda. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, saboda haka a karanta abin da ke rubuce a jikin tsohuwar sanda kafin a biya kuɗi.

Inda shawara take da nauyi shi ne madabod, domin soket ɗin da ke jikinsa, wato mazaunin furosesa, shi yake yanke hukunci ko kwamfutar tana da sauran rayuwa a gaba. Wanda yake da soket AM4 na kamfanin AMD, da furosesa irin Ryzen 5 1600 ta 2017 ko 2600 ta 2018, ya taki sa'a. Madabod masu B450 da X470, har ma da yawancin masu B350, suna karɓar Ryzen 5000 bayan an sabunta BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, kuma tsohuwar RAM ta DDR4 tana ci gaba da aiki. A nan zaɓi biyu ne suka fi jan hankali. Ryzen 5 5600 tana da ƙwayoyin aiki 6, wat 65 take ci, tana zuwa da fankarta a kwali, kuma ta ishi duk wani matsakaicin kati. Ryzen 7 5700X3D, wadda ta fito a farkon 2024, tana da ƙwayoyi 8 da ma'ajiyar gaggawa mai megabait 96 wadda wasanni suke amfana da ita sosai, sai dai ta fi tsada, ba ta zuwa da fanka, kuma samunta sabuwa ya fara wuya. A ganina, ga mai wasa a 1080p da kati matsakaici, 5600 ta isa, rarar kuɗin kuma ta fi amfani a kan katin hoto. Dole a sabunta BIOS tun tsohuwar furosesa tana ciki, kuma kada a kuskura a fara wannan aiki da wutar NEPA kaɗai, domin ɗauke wuta a tsakiyarsa yana iya kashe madabod. A jona UPS ko inbata tukuna.

Masu Intel labarinsu daban ne, domin kamfanin yakan canza soket bayan zubi biyu. Mai i5-4570 a kan LGA1150 iyakarsa i7-4790 ko 'yar'uwarta 4790K, kuma RAM ɗinsa DDR3 ce wadda ba za ta bi shi zuwa sabon madabod ba. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne LGA1151: zubi na 6 da na 7 da na 8 da na 9 duk sunan soket ɗinsu ɗaya, amma furosesar zubi na 8 ba ta aiki a madabod ɗin zubi na 6 ko na 7, sai mai cif na jerin 300. Ga kuma batun Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman sashen tsaron nan da ake kira TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 ko Ryzen daga jerin 2000, sannan wasu wasannin intanet, irin su Battlefield 6, ba sa buɗewa sai an kunna TPM da wani tsarin tsaro mai suna Secure Boot. Wanda yake ƙasa da wannan layi, bai kamata ya sayi i7 na hannu da tsada don tsohon soket ba. Gara ya tara kuɗin ya sayi madabod da furosesa tare: ko B550 da Ryzen 5 5600, ko B660 mai ramin DDR4 da i5-12400F idan yana son ya ci gaba da tsohuwar RAM ɗinsa ta DDR4, ko kuma ya tsallaka zuwa AM5 wanda ya fito a 2022, wanda DDR5 kaɗai yake karɓa amma ya fi su nisan tafiya.

Sai katin hoto. Mai GTX 1060 ko GTX 1050 Ti ko RX 580 ya ci moriyar kuɗinsa, amma zamaninsu yana ƙarewa ta fuska biyu: kamfanin Nvidia ya daina fitar da direbobin sababbin wasanni, wato manhajojin da suke tafiyar da kati, ga jerin GTX 10 bayan Oktoba 2025, wasu wasanni kuma, irin Doom: The Dark Ages, ba sa tashi sam a kan katin da ba shi da sashen lissafin hasken nan da ake kira ray tracing. Ga mai neman sauƙi, RX 6600 na 2021 mai ma'ajiyar gigabait 8 ya kusa ninka GTX 1060 a gudu, kuma wat 132 yake ci, ƙasa da 185 na RX 580. RTX 3060 ya zo da gigabait 12 da wat 170, RTX 4060 kuma ya ɗan fi shi sauri da wat 115 kacal, amma ma'ajiyarsa gigabait 8 ce. Wannan shi ne zaɓin da ya fi sa mutane kai-kawo. Wanda yake wasa da wutar sola ko batirin inbata, ko a ɗakin da babu na'urar sanyaya, 4060 ya fi dacewa da shi, domin wat 55 na bambanci zafi ne da yake zama a cikin ɗaki kuma caji ne da yake fita daga batir. Wanda kuwa yake son ya ƙure kyawun hoto a sababbin wasanni zai ga amfanin gigabait 12, saboda idan ma'ajiyar kati ta cika, wasan yakan fara sarƙewa komai saurin katin, kuma abin ya fi muni a tsohon madabod mai PCIe 3.0, tunda su RX 6600 da 4060 layukan PCIe 8 kawai suke amfani da su maimakon 16. Mai halin ƙara kuɗi ya dubi RX 9060 XT mai gigabait 16, wanda ya fito a Yunin 2025 a kan dala 349; shi ne zai fi daɗewa bai tsufa ba, da sharaɗin furosesar ta kai ta ciyar da shi.

Akwai katuna biyu da farashinsu yake jan ido amma ba su dace da tsohuwar kwamfuta ba. RX 6500 XT gigabait 4 gare shi da layuka 4 kacal, kuma a kan PCIe 3.0 yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa. Intel Arc B580 kuwa kati ne mai kyau, mai gigabait 12 da ya fito a ƙarshen 2024 a kan dala 249, amma yana buƙatar wani saitin BIOS mai suna Resizable BAR, wanda tsofaffin madabod da yawa ba su da shi, kuma yana ja da baya idan furosesa ta tsufa. A kuma yi hattara da suna ɗaya kaya biyu: akwai RTX 3060 mai gigabait 8 wanda bai kai mai 12 gudu ba, akwai kuma RX 580 mai lakabin 2048SP wanda a zahiri ajin RX 570 ne.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan akwatin wuta, wato PSU, ba zai iya ɗaukar sabon kati ba. Kwamfutocin wasa da yawa a gidajenmu asalinsu na ofis ne, Dell OptiPlex ko HP EliteDesk 'yan kwatano da aka saka wa kati, kuma akwatin wutarsu sau da yawa bai kai wat 300 ba, ba shi da wayar kati, mahaɗinsa ma na kamfanin ne kaɗai, ba ya karɓar na kasuwa kai tsaye. Ramin madabod yana ba da wat 75, waya mai haƙora 6 tana ƙara 75, mai haƙora 8 kuma 150. Masu shago kan ba da wata 'yar waya da ke mai da mahaɗin SATA zuwa mai haƙora 8, amma mahaɗin SATA ba a yi shi don ya ɗauki fiye da wat 54 ba, kuma ƙarshenta narkewa. Mai irin wannan kwamfuta ya tsaya a kan katin da ba ya neman ƙarin waya, kamar RTX 3050 mai gigabait 6 wanda wat 70 yake ci, ya kuma auna tsawo da faɗin akwatin kwamfutarsa, domin siririn akwati sai gajeren kati. Mai akwati na gama-gari kuwa, PSU mai wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani irin Seasonic ko Corsair ya ishi duk katunan da aka ambata. Tambarin 80 Plus yana nuna rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ce, kuma a nan ne araha ba ta ado, domin PSU maras kyau idan zai mutu yakan tafi da madabod da kati, balle a inda wuta take hawa da sauka ko ake jona ƙaramin janareta.

Kayan hannu suna da riba idan an san abin da ake dubawa. Furosesa da RAM ba kasafai suke lalacewa ba, don haka sayensu na hannu ba shi da haɗari sosai. PSU da SSD kuwa gara sababbi. Katin hoto yana tsakiya: tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katuna a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, har da namu. Ba dukkansu ne suka lalace ba, amma fankokinsu da man sanyayarsu sun sha wuya. Ko a Farm Centre ta Kano ne ko a Computer Village ta Ikeja, kada a biya sai an jona katin a gaban mai saye, an buɗe manhajar GPU-Z an ga sunansa da girman ma'ajiyarsa sun yi daidai da abin da ke jikin kwali, sannan an bar shi yana aiki mai nauyi na minti 15 zuwa 20 ana kallon zafinsa da allon, ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka za su bayyana. A kuma nemi a rubuta kwanakin garanti da lambar jikin katin a kan rasit.

Idan aka haɗa duka, mai AM4 zai iya sabunta BIOS, ya saka Ryzen 5 5600 da RAM gigabait 16 da SSD, ya ɗora RX 6600 ko RTX 4060, ya sami kwamfutar da za ta ƙara masa shekaru a 1080p ba tare da ya taɓa madabod ba. Mai Intel zubi na 4 zuwa na 7 ya sayi abin da zai iya ƙaura da shi kawai, wato SSD da PSU da kati, ya bar furosesa da madabod sai ranar da zai canza su tare. Monita kuma ita ce ta ƙarshe a layi, amma kada a manta da ita: allon da yake sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba zai nuna hotuna 140 da sabon kati yake fitarwa ba, kuma tsohuwar monita mai mahaɗin VGA kaɗai za ta buƙaci adafta, domin sababbin katuna HDMI da DisplayPort kawai suke zuwa da su.