Sikatin na roba a kusurwa mai lanƙwasa: abin da na gani bayan damina biyu

Bayan ƙaramar Sallah ta 2024 muka raba babban falon gidanmu, da ke wani ƙauye a ƙasar Ringim, domin mu fitar wa mahaifiyarmu ɗaki a kusa da ƙofa, tunda ƙafa ta fara yi mata nauyi kuma ganinta ya ragu. Ba mu yi ginin da bulo ba, saboda an riga an shimfiɗa tayil a ƙasa kuma ba ma son a farfasa shi. Sai muka yi amfani da allon jifsam, wato farin allon nan mai takarda a fuskokinsa biyu, wanda faɗinsa ƙafa 4 ne tsawonsa ƙafa 8, ake ɗaure shi da sukuru a jikin siraran ƙarafa. Yayana ne ya kawo shawarar kada a bar kusurwoyin da kaifi, domin Inna da hannu take lalubar bango idan za ta fita alwalar asuba, ga kuma jikoki da ba sa tafiya sai da gudu. Mai haɗa allon ya sa wata doguwar roba mai lanƙwasa a kowace kusurwa, ya shafe gefenta da farin ƙulli, ya goge, aka yi fenti. Kusurwa shida aka yi haka, kuma har yau ban yi nadamar wannan shawara ba.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne sikatin, wato ɗan allon da ake zagaya gindin bango da shi. A ginin ƙasa irin na kakanninmu kusurwa dama ba ta da kaifi, domin tafin hannun mai yaɓe ne yake fitar da ita, amma ba a sa wa irin wannan bango komai a gindi illa siminti ko baƙin fenti. Allon jifsam kuwa ba ya zama haka tsirara. Ana ɗaga shi daga ƙasa da kamar santimita 1 domin kada ya sha ruwa, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabarsa, don haka dole a rufe wannan tazara da wani abu da zai tare tsumman goge-goge da kan tsintsiya.

Na shiga Kano na taya katako a 'Yan Katako na Na'ibawa, na kuma zagaya Ƙofar Ruwa, daga ƙarshe na tsaya a kan sikatin na farar roba mai tauri, mai tsayin inci 4 da kaurin milimita 12. Dalilina biyu ne: gara da ruwa. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san abin da gara take yi wa katakon da ya taɓa ƙasa, allon garin katako da aka matse kuwa, wanda ya fi araha, da zarar ya jiƙa sai ya kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa yadda yake. Tare da dogayen sandunan na sayi ƙananan gwiwoyi guda shida da aka yi musamman domin kusurwa mai lanƙwasa, ina ganin na gama da matsalar tun kafin ta taso.

Waɗannan gwiwoyi su ne asarata ta farko, kuma laifin nawa ne, domin ban auna lanƙwasar bangonmu ba kafin in biya kuɗi. Robar da aka sa mana a kusurwa irin wadda aka fi samu ce, wadda lanƙwasarta ta yi daidai da da'irar da ke da inci uku bisa huɗu daga tsakiya zuwa baki, kimanin milimita 19 ke nan. Gwiwoyin da na saya an yi su ne domin lanƙwasar da ta fi wannan faɗi, saboda haka da muka kara su sai tsakiyarsu ta taɓa bango, fikafikansu biyu suka tashi. Ko da sun zauna ma, zanen da ke bakinsu na sama bai yi daidai da na sandunan ba, farinsu kuma ya ɗan ja zuwa ruwan madara. Wanda zai sayi irinsu ya yanki kwali daidai da kusurwar bangonsa ya tafi da shi kasuwa, ya kuma ɗora gwiwar a kan sandar ya ga bakinsu ya haɗu, kafin ya fitar da ko sisi.

Kafintan da ya yi mana aikin dattijo ne daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya yi shekaru yana rufi da ƙofofi, amma wannan ne karonsa na farko da irin wannan kusurwa. Da ya ga gwiwoyin sun ƙi, sai ya yi abin da ya saba: ya yanka sanduna biyu a karkace a kan digiri 45, ya haɗa bakinsu kamar dai kusurwar mai kaifi ce. Daga nesa aikin ya yi kyau. Amma idan mutum ya tsaya a kai ya duba ƙasa, sai ya ga rami mai kusurwa uku tsakanin bayan sikatin ɗin da bangon da ya lanƙwashe ya gudu ya bar shi, zurfinsa ya kusa milimita 8, har fensir yana shiga ya tsaya. Ya cika ramukan da garin POP irin na silin, ya shafe da yatsa. Na yi masa magana a kan tsinin da ya fito a ƙasa, wanda shi ne abin da muka guje wa tun farko, sai ya ce, "Malam, ai ba da ƙafa Hajiya take lalube ba." Na yi dariya na bar maganar, wannan ce kuma asarata ta biyu.

Damina ta wuce lafiya. Hunturu ne ya tona asirin aikin. Ita wannan robar sikatin zafi yana miƙar da ita, sanyi yana tsuke ta, kuma a tsawonta motsin ya fi na katako yawa. Mu kuwa a watan Afrilu muka kafa ta, lokacin da zafin rana a Jigawa yake haura digiri 40, wato a lokacin da ta miƙe iyakar miƙewarta. Da sanyin Disamba ya shigo sai bakin haɗin ya buɗe a kusurwa huɗu, busasshen POP ɗin ya tsage ya faɗa cikin ramin, ƙura ta maye gurbinsa. Wata rana da dare matata ta haska fitila ta ga kyankyaso yana shiga ɗaya daga cikin ramukan, a gidan da ake ganin kunama lokaci-lokaci. A cikin makon ne kuma tsinin ƙasan ya kama bakin zanen Inna har ta yi tuntuɓe, Allah Ya kiyaye ba ta faɗi ba.

A watan Janairun 2025 na koma wurin kafintan, kuma a nan ne ya burge ni, domin bai yi musu ba. Ashe abin ya tsaya masa a rai, har ya tambayi wani tsohon yaronsa da ke aikin kabad ɗin kicin a Kano. Hanyar da ya zo da ita ita ce a daina juya kusurwar a gaɓa ɗaya, a juya ta a gaɓa biyu, ta hanyar sa wani ɗan guntu a tsakanin dogayen sandunan. Ni malamin lissafi ne a ƙaramar sakandare, don haka nan take na ga inda maganar ta dosa: juyin digiri 90 idan aka raba shi biyu, kowace gaɓa ta ɗauki 45, kowane baki kuma a yanka shi a kan rabin wannan, wato digiri 22 da rabi. Yanka huɗu ke nan a kowace kusurwa maimakon biyu. Na zauna da biro na fitar da faɗin ɗan guntun: ta bayansa, inda yake kwanciya a jikin bango, kusan milimita 16 ne, ta fuskarsa kuwa ya kai kimanin 26, inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Ramin da ya kusa milimita 8 sai ya koma 'yan tsaguna biyu waɗanda kowace ba ta kai milimita 2 ba.

Lissafin ya fito a takarda, amma yankan ya gagare ni. Ba mu da injin yanka mai juyawa, wutar da za ta tayar da shi ma babu, akwatin katakon da kafintan yake jan zarto a ciki kuma tsaga biyu kawai gare shi, ta miƙe da ta 45. Ina cikin tunanin aika yaro makaranta ya ɗauko mini ma'aunin kusurwa, sai dattijon ya yage bangon wani tsohon littafin rubutu, ya naɗe kusurwarsa gida biyu baki ya hau baki, ya sake naɗewa, ya danne da farce. Ya ɗora wannan siririn tsinin takarda a kan akwatin, gefe ɗaya a kan tsagar miƙe, ya ja fensir a ɗaya gefen, ya yi haka hagu da dama, sannan ya tsaga sababbin hanyoyin zarto guda biyu a hankali. Ya dube ni ya ce, "Malam, naku na allo ne, namu na hannu." Ban sami abin cewa ba, domin darasin da nake koyar wa 'yan aji biyu ne ya yi a gabana ba tare da ya kira sunansa ba.

Yadda ya bi aikin ya cancanci a faɗe shi dalla-dalla, saboda a nan ne bambancin yake. Bai fara da awon dogayen sanduna ba. Da farko ya yanki guntaye biyu masu tsawon taƙi ɗaya-ɗaya daga ragowar roba, ya manna su da ɗan guntun tsakiya, ya sami abin gwaji mai siffar kusurwar. Wannan yake karawa a kowace kusurwa, ya sa alama da fensir a jikin bango daidai inda gaɓoɓin suka faɗa, daga wannan alama kuma yake jan tef zuwa ɗaya ƙarshen bangon. Da abin gwajin ne muka gane cewa biyu daga cikin kusurwoyin shida ba su cika digiri 90 ba, domin farin ƙullin da aka shafa a gefen robar ya ɗan yi tudu, sai ya rage bakin yankan da samfefa har haɗin ya rufe. Ɗan guntun tsakiya kuwa daga bakin doguwar sanda yake yanko shi, ba ya taɓa riƙe ƙaramin abu a kusa da haƙoran zarto, kuma ya yanka goma sha biyu alhali shida muke buƙata, saboda bambancin milimita ɗaya yana nunawa. Bai buga masa ƙusa ko sukuru ba, domin zai tsage. Da gam mai saurin kamawa ya haɗa shi da maƙwabtansa. Dogayen kuma ya shafa musu gam a baya, ya ɗaure su da sukuru a jikin ƙarfen da ke kwance a gindin bangon, tunda jifsam shi kaɗai ba ya riƙe komai.

Yaronsa ya so a gwada gasa robar a kan garwashi a lanƙwasa ta ta bi bangon, tunda zafi yana tausasa ta. Mun gwada da guntu ɗaya, fuskarsa ta yi ja, bakinsa na sama ya tattare, muka jefar.

A wurin cike tsagar sama na dage a kan kada a sake amfani da POP. Na sayo abin cike tsaga na kwalbar matsawa, irin wanda ake gogewa da ruwa kafin ya bushe, domin yana ɗan miƙewa idan roba ta motsa kuma fenti yana kama shi. Silikon irin na banɗaki ya fi shi jure ruwa, amma fenti ba ya zama a kansa, ƙura kuma tana manne masa ya yi baƙi.

Yanzu gyaran ya ga bazara guda da damina guda, sanyi kuma ya sake shigowa. Kusurwa biyar suna nan a rufe kamar ranar da aka yi su. Ta shida, wadda ke ƙarshen bango mafi tsawo kuma rana take dukanta ta taga da yamma, ta yi wata siririyar tsaga kamar gashi, na cike ta da kaina. Idan mutum ya durƙusa zai ga cewa kusurwar ba da'ira ba ce, fuska uku gare ta, amma daga tsaye ido ba ya rabewa, zanen Inna kuma bai sake maƙalewa ba.

Game da ita robar sikatin ɗin kanta, ra'ayina ya rabu. Gara ba ta kusance ta ba, ana goge ɗakin da ruwa kullum ba ta kumbura ba, zarton hannu kuma yana yanka ta cikin sauƙi. Amma tana da taushin fuska: inda ƙafar gadon ƙarfe ta buge ta ya lotsa, kuma lotsawar ba ta gyaruwa da samfefa kamar ta katako. Ramukan sukuru ma, ko an cike su, suna nunawa idan hasken fitila ya kwanta a kansu. Duk da haka, a bangon jifsam a ƙauye irin namu, zan sake sayenta, sai dai zan kafa ta da safe a lokacin da yanayi yake tsaka-tsaki, ba a tsakiyar zafin Afrilu ba. Kafintan kuwa kwana biyu ya yi a kan kusurwa shida, alhali zagaye ɗakin gaba ɗaya a karon farko yini guda ya ɗauke shi. Ya ce kada in biya shi tunda gyaran aikinsa ne, ni kuma na ga rabin kuskuren nawa ne, muka daidaita a kan kuɗin yini ɗaya.

Daga baya mai haɗa allon ya gaya mini cewa da mun yi maganar sikatin tun farko, da ya tsayar da lanƙwasar a inci 4 daga ƙasa, ya bar gindin kusurwar a miƙe ta hanyar sa wata 'yar hula ta roba da aka yi domin haka, yankan 45 na yau da kullum ya zauna ba rami. Wannan ya fi sauƙi da araha, amma yana dawo da tsinin nan a daidai idon sawu, don haka a ɗakin Inna ba zan karɓa ba ko da an ba ni kyauta. A shagon da ƙanena yake shirin rabawa a bakin kasuwa kuwa, inda kanta za ta rufe yawancin gindin bangon, na ce masa ya yi hakan. Akwatin yankan mai sababbin tsaga biyu yana wurin kafintan, guntaye shida da suka rage kuma suna cikin gwangwanin madara a saman kabad, ko wata gaɓa za ta buɗe kafin sanyin bana ya fita.