Gargaɗi ga masu sayen mota a Maraɗi: ku leƙa ƙarƙashin kujerar fata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, don ba mai son ya fito ya ce an cuce shi. Amma shekaranjiya na ga mutumin da ya cuce ni a cinikin mota ya sake ɗora hoton wata mota a WhatsApp da irin kalaman da ya jawo ni da su, sai na ga idan na ci gaba da yin shiru to da hannuna a cikin cutar na gaba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi inda yake ajiye motocinsa ba, domin maganar tana hannun hukuma. Yadda ake shirya abin zan gaya muku, tunda ba shi kaɗai ke yi ba.

A watan Janairu, sanyi na kan ganiyarsa, na tashi sayen motar da zan riƙa kai Baba asibiti, in kuma yi zirga-zirgar kasuwa tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa. Wani dillali ya kai ni wurin wani mai sayar da motoci. Camry biyu na tarar, duka ƙirar 2013, duka shigowar Amurka. Ɗaya kujerunta na yadi ne, ruwan toka, da ɗan tabon shayi a kujerar baya, ya ce miliyan 5. Ɗayar kuma kujerun fata baƙaƙe, sai sheƙi suke, ko tsaga babu, an fesa mata turare har da ɗan ƙamshinta, a bayanta an manna XLE, alamar samfurin da ya fi LE daraja da tsada. Ita ya yanka mata miliyan 5 da jika 700.

Na ce, "Alhaji, ai tazarar ta yi yawa."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan fata ce ta asali daga kamfani. Mai yadi ta ƴan taksi ce. Kai da za ka ɗauki tsoho, ka sa shi a inda za a ga mutuncinsa." Ya ƙara da cewa tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 mota ba ta zuwa ta Kwatano da Gaya kamar da, sai an yi dogon zagaye, saboda haka irin wannan ba kullum ake samu ba. Maganar iyaka gaskiya ce, kowa ya sani, kuma da gaskiyar ya lulluɓe ƙaryarsa. Sannan ya jefo wadda kowane dillali yake jefowa: wai akwai wani Alhaji daga Katsina da zai zo gobe da safe da kuɗi a hannu.

Duk wannan bayan la'asar sakaliya ne, rana ta yi sanyi, motar tana cikin inuwar rumfa. Daga baya na lura ba ya taɓa kiran mutum ganin mota da tsakar rana. Na zo da bakanike, ba wai ban zo da shi ba. Ya buɗe gaba, ya saurari inji, ya duba mai, muka zagaya har hanyar Madarumfa muka dawo, ya ce inji lafiya. Ba wanda ya tuna da kujera, ni da shi duka. Kujera ai abin zama ce. Na biya a daren, aka rubuta takardar ciniki, a ƙasanta da wani layi na Faransanci da ke cewa na saya yadda na gan ta. Na sa hannu.

Wata biyu ban ga komai ba sai ɗan wari idan motar ta kwana a rufe, irin warin ɗakin da damina ta shiga. Na ɗauka tabarmar ƙafa ce. Da Afrilu ya kama, zafi ya haura 40, sai fatar Alhaji ta fara magana. Gefen kujerar direba ya yi ƙuraje, ya tsage, ya fara ɓarewa kamar fatar maciji, baƙin gari yana manne mini a farar shadda. A ƙarƙashin abin da ya ɓare sai ga farin ƙyalle. Roba ce aka shafa a kan yadi, irin wadda ake rufe kujerun falo da ita.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ɗan Maraɗi ne, garin jar akuya, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Kakana na wajen uwa da jima ya ci abinci. A ce an sayar mini da roba da sunan fata a cikin garin nan. Kallon kitse na yi wa rogo, ba wani abu ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye na ce jika 700 ta tafi sadaka. Na kai motar wurin wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota don ya sake rufe ta direba. Ya kwance ƙusoshi huɗun da ke riƙe kujerar, ya fito da ita, ya farke ɗinkin ƙasa, sai ya tsaya. Ya ce, "Zo ka gani da idonka, kada ka ce ni na faɗa."

Yadin asali yana nan a ciki, ba su ma cire shi ba, a kansa suka ɗinka robar. Ruwan toka ne, irin na waccan motar da aka ce ta ƴan taksi ce. A jikin majinginar akwai layi miƙaƙƙe, ƙasansa ja-ja kamar laka, samansa fes. Soson ya yi baƙi da fumfuna. Ƙarfen da kujera ke gudu a kai ya yi tsatsa, wayoyin da ke ƙarƙashi bakinsu ya yi kore. Dattijon ya ja bel ɗin ɗaure jiki har ƙarshensa, can wajen gindin sai ga tabon ruwa. Ya ɗaga shimfiɗar but, ya cire tayar safaya, a ramin busasshiyar laka ce kwance.

Ya ce, "Ɗana, motar nan ta sha ruwa har wuyan kujera. Kuma ba ruwan Gulbin Maraɗi ba ne."

Ga yadda abin yake. A Amurka idan ambaliya ta cinye mota, kamfanin inshora yakan biya mai ita, ya karɓi motar, a rubuta a takardarta cewa ta lalace, a fitar da ita gwanjo da araha. Guguwar Harvey kaɗai da ta faɗa wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma kusan kowace shekara sai an yi wata ambaliyar. Irin waɗannan motocin da yawa jirgin ruwa ke kwasowa zuwa tashoshin Afirka ta Yamma. Sayen motar gwanjo ba laifi ba ne, akwai masu sayarwa da za su gaya maka gaskiya su rage maka kuɗi. Cutar ita ce a ɓoye. Inji ana iya wanke shi a canza mai ya tashi. Fenti ba ya nuna ruwa. Abin da ke tona asiri shi ne kujerar yadi, don ita ba ta mantuwa, tabon yana nan, warin yana nan. Sai a kai ta wurin mai ɗinki a lulluɓe da roba a kwana biyu, a sayo harafin X a manna gaban LE, a fesa turare. Da dutse ɗaya an jefi tsuntsu biyu: an rufe shaidar ruwa, an kuma ɗora maka kuɗin fata.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi. Motocin nan suna da jakar iska mai kare mutum a lokacin haɗari a cikin gefen majinginar kujerun gaba, shi ya sa za ka ga an rubuta SRS AIRBAG a wurin. Ɗinkin kamfani a daidai nan an yi shi ne yadda zai yage da kansa idan jakar ta tashi. Wanda ya rufe tawa da zare mai kauri ya bi wurin sau biyu, rubutun ma ya binne shi. Na'urar da ke ba jakunkunan umarni kuma a ƙasa take, tsakanin kujerun gaba, inda ruwa ke fara kwanciya. Da muka je wurin mai gyaran wuta ya buɗe allon mita, sai ga baƙin salatif an liƙe fitilar gargaɗin jakar iska da shi ta ciki. Ashe tun ranar da na saya take kunne. Wata uku ina ɗaukar Baba a gaba, muna bin babbar hanya tare da manyan motoci.

Wannan fitilar kowa zai iya gwada ta ba tare da bakanike ba. Idan ka murɗa makulli, hoton mutum da ƙwallo a gabansa ya kamata ya kama na ƴan daƙiƙu sannan ya mutu. Idan bai kama ba sam, ko dai an taɓa shi ko ya lalace.

Mai gyaran wutan ne kuma ya nuna mini abin da da na san shi a Janairu da ban shiga wannan hali ba. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takardar kamfani a manne. A motocin Toyota za ka ga C/TR, bayansa lambar fenti, sannan lambar kayan ciki. Idan ta fara da F, da yadi motar ta fito. Idan L ce, fata. Idan E ce, fatar roba ce ta kamfani da suke kira SofTex. Tawa F ce ɓaro-ɓaro, tana kallona duk lokacin da na buɗe ƙofa. A takardar nan da kuma gindin gilashin gaba akwai lambar shasi mai harafi da lamba 17. Yaron shagon ya rubuta ta a Google a wayarsa, ba a yi minti biyu ba sai ga hotunan motata a filin gwanjo a Amurka, kujerun yadi, laka har kan giya, an rubuta ambaliya a matsayin abin da ya same ta. Ba kowace mota ce hotonta ke fitowa ba, amma gwadawa ba ta cin ko dala. Wanda ke da hali ya biya a ciro masa rahoton Carfax, wato takardar tarihin motar a Amurka.

Kada wani ya ce zai ɗiga ruwa ya ga ko za ta sha, yadda ake gwada fatar dukawa. Fatar mota an shafe samanta, ko ta gaske ce ruwa zai tsaya a kai. Ka tura hannu ƙarƙashin kujera inda bakin rufin ya ƙare, ka juyo shi. Bayan fata gashi-gashi ne, bayan roba saƙar zare ce. Ka dubi ƙofofi ma: idan kujera fata ce amma madafar hannu a ƙofa yadi ce, ko ita baƙa ce sauran ciki ruwan toka, to a nan aka yi aikin. Kuma motar da ta shekara goma da wani abu, sitiyari ya goge, robar birki ta cinye, amma kujerar direba ko lanƙwasa babu, ka tambayi kanka wa ya zauna a kanta duk shekarun nan.

Ban ce fatar roba duk banza ce ba. Wadda kamfani ya sa, irin SofTex ko MB-Tex ta Mercedes, tana jure wahala sosai. Ban kuma ce duk wanda ya sake rufe kujera macuci ne ba, mutane da yawa suna yi don yara ko don tsufan yadi, su kuma faɗa. Ita fatar gaske tana da daɗinta, ƙurar hunturu da tsumma ɗaya ake share ta, kunu ya zube a goge. Amma a garinmu, ka ajiye baƙar kujerar fata a rana gaban kasuwa daga azahar zuwa la'asar a watan Mayu, ka dawo ka zauna, za ka san ka zauna. Idan ba a shafa mata mai ana kare ta daga rana ba, tsagewa take yi. Yadi yana riƙe ƙura da zufa, sai an wanke, amma ba ya ƙona cinya. Ni dai yau da za a mayar da ni gaban motocin nan biyu, mai tabon shayin zan ɗauka in riƙe jika 700 ɗina. Girman kai ne ya hana ni, tun da aka ce ta ƴan taksi ce.

Na koma wurin mai sayar da motar da hotunan, tare da yayana. Na ce, "Alhaji, ka ce mini fatar kamfani ce." Ko a jikinsa. Ya ce shi ma haka ya saye ta, kuma ai da bakanikena na zo, ga kuma hannuna a takarda. Dillalin da ya ci la'ada daga ɓangare biyu ya daina ɗaukar wayata. Aka sa manya a tsakani, mai sayar da motar ya ce zai karɓe ta a miliyan 3 da rabi idan ina so, wato ya sake rufe ta ya sayar wa wani. Na ƙi. Muka kai ƙara kwamisariya, abin da ya taimake ni shi ne saƙon muryarsa da ban goge ba, inda ya faɗa da bakinsa cewa fatar asali ce kuma motar ba ta taɓa haɗari ko shiga ruwa ba. Duk wanda zai sayi mota, ya sa a rubuta masa waɗannan kalmomi a takardar ciniki tare da lambar shasi, a gaban shaidu. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Motar tana nan a ƙofar gida, kujerar direba a waje, na bar yadin da layin lakar yadda yake saboda shaida. Baba a adaidaita nake kai shi asibiti. Wadda na ce ya ɗora shekaranjiya RAV4 ce fara, kujerunta jajaye masu sheƙi, an ɗauki hoton da yamma a ƙarƙashin waccan rumfar.