Makahon maciji ko tana?

Mai haƙa a gindin shuka kan ci karo da wata siririyar halitta baƙa, tsawonta bai cika wuce santimita 15 ba, ya ɗauka tana ce. Sau da yawa makahon maciji ne, irin wanda masanin Faransa Daudin ya bayyana a 1803. Asalinsa Kudancin Asiya, amma tukwanen furanni sun kai shi Afirka, Amurka da Ostareliya.

Ɗora su a tafin hannu, bambancin zai fito. Tana jikinta danshi ne, gaɓa-gaɓa kamar an jera zobba, ba ta da ƙashi, ta fata take numfashi, shi ya sa rana ke kashe ta da wuri. Macijin kuwa a bushe yake, yana sheƙi, yana da ƙashin baya da huhu, yana saɓa. Idan ka ƙura ido za ka ga ɗan harshe mai reshe biyu yana leƙowa. Idanunsa ɗigo biyu ne a ƙarƙashin fata, haske da duhu kawai suke rarrabewa. Ƙarshen jelarsa akwai ɗan tsini, amma ba shi da dafi.

Tana ruɓaɓɓen ganye take ci, tana gyara ƙasa. Shi ƙwai da 'ya'yan tururuwa da gara yake farauta, don haka kashe shi a lambu asara ce.

Wajen haihuwa ne ya fi ban mamaki. Kowace tana mata-maza ce, galibi sai biyu sun haɗu. Wannan macijin ba a taɓa samun namijinsa ba, mace kan yi ƙwai ita kaɗai, su ƙyanƙyashe 'ya'ya mata zalla.